Kafin ka ɗaura wa kare abin wuya mai telekomand

Ɗana, ka tambaye ni ko abin wuyan nan mai telekomand da ka gani a waya zai hana karnukanmu bin awakin mutane da faɗawa kwalta. Yana iya taimakawa, amma sai ga karen da ya riga ya san kira.

Aiki uku yake yi: ƙara, girgiza, da ɗan jan lantarki ta ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuya. Masu kyau suna da matakan ƙarfin lantarkin har 100, kuma suna kaiwa kamar mita 800 a fili. Cikin lungunan Birni ko bayan duwatsun nan namu na Damagaram, kada ka sa rai da wannan nisa.

Ka fara da doguwar igiya da ɗan guntun nama. Ka kira shi, ya zo, ka ba shi, har ya zama yana juyowa ko da kaza na gilmawa a gabansa. Sannan ka gwada na'urar a hannunka kafin ta hau wuyansa. Daga mataki na ƙasa ake hawa, kana kallon kunnensa. Da ya ɗan motsa kunne ko ya waiwaya, nan za ka tsaya. In ya yi kuka ko ya sa wutsiya cikin ƙafafu, ka wuce gona da iri. Wasu karnukan girgizar ma ta ishe su.

Lokacin dannawa shi ne inda mutane ke ɓata kare. Ka danna daidai sa'ad da ya nufi akuyar, ya juyo ka saki, ka yaba masa. In ka bari ya dawo wurinka sannan ka danna don haushi, ka koya masa cewa zuwa gare ka ne ke ciwo. Irin wannan zalunci ya sa yankin Wales na Birtaniya ya haramta na'urar tun 2010.

Karnukanmu gashinsu gajere ne, wuya siriri. Da zafin bazara, ƙura da matsin ƙarafan kan ci fata har ta yi gyambo, don haka ka riƙa sauya musu wuri bayan awa biyu, ka cire da an gama aiki, ka duba wuyan. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, ko kare mai tsoro, kada ka sa masa sam.

Gobe da sanyin safiya ka zo da igiyar, mu fara da jar karyar nan.