Tambaya da Amsa: Lexus ɗina ta koma amalanke, ga ƙugi ga tauri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema kan motata Lexus LS430 ƙirar 2004, Beljiyam na saye ta kuma lokacin da ta zo hannuna wallahi in kana ciki ko tashin inji ba ka ji, amma yanzu abu biyu sun dame ni, na farko da zarar na wuce gudun 60 sai wani ƙugi ya taso wuuuu yana ƙaruwa har in na hau hanyar Zariya sai na ƙara muryar rediyo, na biyu ta yi tauri sosai kowane ɗan rami sai na ji shi a bayana. Bakanike ya canza shoka biyu na gaba babu wani canji, yanzu ya ce a sauke ƙafar duka a sa wata. Af na manta, bara na sa mata rim 20 da tayoyin Beljiyam saboda kwalliya. Ina mafita?
Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan "af na manta" da ka ajiye a ƙarshe ai shi ya kamata ya zo a layin farko. Kar ka bari a sauke ƙafar nan tukuna, ban ce ƙafar lafiya take ba, motar da ta haura shekara 20 tana bin titunanmu da wuya a ce robobinta na nan daram, amma dai ba daga nan ake farawa ba, kuma ƙugi da tauri ciwo biyu ne daban ko da wani lokaci abu ɗaya ke jawo su.

Mu fara da taurin tunda lissafinsa a fili yake. LS430 ta fito tsakanin 2000 da 2006, na farko-farkon da rim 16 suka zo da taya 225/60, daga ƙirar 2004 irin taka aka koma rim 17 da taya 225/55, sai masu rim 18 da 245/45. Lamba ta biyun nan ita ke faɗa maka tsayin gefen taya, wato kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. To kashi 55 na 225 ya ba ka wajen milimita 124 na roba da iska tsakanin rim da kwalta. In ka sa rim 20 dole tayar ta sirance don ta shiga mazauninta, yawanci 245/35 ake ɗorawa, gefenta wajen milimita 86 ke nan, ka ga ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke fara shanye duka kafin ya kai ga sifirin da shoka, ga shi manyan rim ɗin kasuwa sun fi nauyi, ƙafa na wahala wajen riƙe su in sun yi tsalle. Injiniyoyin Toyota, kamfanin da ke ƙera Lexus, sun auna taushin sifirin da shoka da bushin, wato robobin mahaɗar ƙarafan ƙafa, na motar nan ne a kan taya mai kauri, kai kuma ka cire kaurin ka ce shoka ne ya lalace. In tsofaffin rim ɗinka na nan a gida ka mayar da su ko na yini ɗaya ka bi hanyar da ka saba bi, ni a ganina rabin kukanka a nan zai ƙare.

Sai iska. Masu faci da yawa in ba ka yi magana ba 45 ko 50 za su dura maka, wai don kar taya ta kwanta, kuma gejin wasunsu ma ya daɗe da daina faɗin gaskiya. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfani ya rubuta iskar da motar ke so, a irin waɗannan motoci talatin da 'yan kai ne. Ka sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka fita tun taya na da sanyi, domin in ta yi tafiya ta ɗau zafi awon kan hau da kansa.

Yanzu ƙugin. Abu uku ne suka fi yin irin wannan kuka mai bin gudu: taya, boris ɗin ƙafa wanda taya ke juyawa a kansa, sai aksul na baya da farfela masu kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, tunda LS430 da ƙafar baya take ja. Raba su ba ya bukatar kwamfuta, kunne ne da haƙuri. Ka sami titi mai kyau wanda babu cunkoso, ka kai gudun da ƙugin ke fitowa sosai sannan ka ɗaga ƙafa daga totur. In kukan ya canza murya ko ya ɗauke da ka saki totur ya dawo da ka taka, hankalinka ya koma kan aksul, a duba man da ke cikinsa, da yawa daga motocin nan tun da suka baro Amurka ba wanda ya taɓa buɗe wurin. In kuwa ko ka taka ko ka saki duk ɗaya ne, gudun mota kawai yake bi, to saura taya da boris.

A nan ne mutane ke asarar kuɗi domin kukansu na kama da juna matuƙa. Dabarar ita ce a wannan gudun dai ka ɗan karkata sitiyari hagu a hankali sannan dama, kamar mai sauya layi, ba fizga ba dan Allah. In ka karkata hagu nauyin mota na komawa ƙafafun dama, in ƙugin ya ƙaru a lokacin ya ragu da ka koma ɗaya ɓangaren to galibi boris ɗin dama ne, haka kuma akasin haka. Kukan taya shi ba ruwansa da karkata sosai, abin da yake bi shi ne irin kwaltar, ka hau sabuwar kwalta mai santsi ya lafa ka hau tsohuwa mai tsakuwa ya tashi, boris kuwa ko a kan me kake tafiya yana nan da kukansa. In har yanzu kana shakka ka sa a mayar da tayoyin gaba baya na baya gaba, indai girmansu ɗaya ne, in kukan ya yi ƙaura tare da su ka kama ɓarawonka. Kuma kar wani ya ɗaga mota a jak ya girgiza taya ya ce maka ba ta motsi saboda haka boris lafiya, boris na iya yin kuka wata da watanni kafin ya fara lilo. Gara a juya tayar da hannu, ɗaya hannun a riƙe sifirin, in akwai gurzo za a ji shi yana zuwa ta ƙarfen.

Amma ni zargina ya fi ƙarfi a kan tayoyin Beljiyam ɗin nan, bari in ɗan daɗe a kansu. Ka tsuguna ka shafa tafin hannunka a kan zanen taya, gaba da baya, musamman gefen ciki da ido ba ya gani. In ka ji tudu da kwari tudu da kwari, ko ka ji santsi ta gefe ɗaya kaifi ta ɗaya gefen, wannan tayar ta ci ba daidai ba kuma ita ce ke ƙugi, ba balansin da zai gyara ta, ta riga ta ci. Abin lura shi ne irin wannan ci alama ce ta shoka da ya mutu ko alaimen, wato saitin tayoyi, da ya kauce ko bushin da ya saki, sai dai tunda Beljiyam ce ba mamaki a jikin wata motar ta samo ciwon ta zo maka da shi. Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Roba na bushewa da shekaru ko da zanen na nan kamar sabo, busasshiyar taya kuma tauri gare ta da surutu. Hukumar kiyaye haɗurra FRSC shekara 4 take faɗa, kamfanonin taya irin su Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara kuma kar ta wuce 10 ko yaya take, tsofaffin tayoyi ma suna cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, amma ka san yadda kasuwa take. Wani abin kuma, cikin tayoyin da ake kwasowa daga Turai akwai na lokacin sanyi, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, an yi su ne don dusar ƙanƙara, zanensu yanka-yanka ne masu yawa, a kwaltar Kaduna ta watan Afrilu sai kuka da saurin cinyewa. Akwai kuma waɗanda ake iya tafiya da su ko sun yi faci, da BMW ta fi zuwa da su, gefensu kamar icce yake don tauri, in aka haɗa maka da irinsu a rim 20 to ba sai an je neman wani dalili ba.

To in an gama da taya aka ga har yanzu akwai saura, sai a shiga ƙafa, amma da ido, ba a sauke duka ba. Ƙafar motar nan hannuwa biyu ne sama da ƙasa a kowace taya, gaba da baya, ko wane hannu da bushin ɗinsa na roba, kuma wanda ya fi saurin tsagewa shi ne babban bushin na hannun ƙasa na gaba. Alamarsa wani dum da kake ji in ka taka birki a hankali ko ka sauka daga kan tudun rage gudu. Ƙwas-ƙwas mai sauƙi a kan burji yawanci linkej ɗin sitabilaiza ne ko robarsa, abu mai araha. Bol joyin na ƙasa kuwa, wato gaɓar da ke haɗa hannun da mariƙin taya, ba a wasa da shi, in ya yi lilo a canza shi ranar, domin in ya fita taya ce ke kwanciya a tsakiyar titi. Ka tsaya a wurin a sa ƙarfe a banƙara kowane hannu kana kallo, wanda ya tsage ko ya yi motsi shi za a canza. Kuma ka roƙi bakaniken ka da girman Allah kar ya ɗaure kusoshin bushin tamau mota na rataye a jak, a sauke ta ta zauna a kan tayoyinta tukuna sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar na zama a murɗe, mota ta yi tauri kuma sabon bushin ya tsage cikin 'yan watanni a ce jabu aka sayar maka alhali ɗauri ne. Bayan duk aikin ƙafa a yi alaimen na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba.

Shoka biyun da aka canza ma ina da tambaya a kansu. Wasu LS430 da balan-balan na iska suka zo maimakon sifirin, in taka na da maɓallin ɗaga mota da na Sport kusa da direba to irinsu ce, ka tabbata ba a Sport aka bar ta ba. Da yawa an cire musu na iskar an sa sifirin, wannan ba laifi ba ne in an sa na LS430 ɗin, matsalar ita ce a ɗauko na wata mota a ce ai ya shiga. Ya shiga ɗin, amma ba nauyinta aka auna shi da shi ba. In za ka kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya ka tafi da lambar shasi da tsohon kayan a hannu, a gwada su gefe da gefe. In ba a taɓa na baya ba a leƙa ko suna zubar da mai.

Kafin ka bar garejin ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko robobin da ke rufe cikin mazaunin taya da na ƙasan inji suna nan, makanikai na cire su su jefar wai ba su da amfani, alhali suna cikin abin da ke tare ƙarar titi, haka robar bakin ƙofa in ta bushe iska na shiga tana fito.

TAMBAYA: Salam. Mercedes S-Class ce ta maigidana ƙirar 2002, kullum da safe sai mu tarar gaban ya zauna ƙasa ta gefe ɗaya, in an tada ta sai ta miƙe. A ci gaba da hawa?
Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Hajiya wannan ita ce ƙirar da ake kira W220, yawancinsu a kan iska suke tafiya, tsarin da Mercedes ke kira Airmatic, kuma abin da kika faɗa yoyo ne, ko balan-balan ɗin wannan ƙafar ko saman shokan inda bututun iska ke shiga. A tada ta ta miƙe, a fesa ruwan sabulu a wuraren, inda ya yi kumfa nan ne. Ki ce wa Alhaji kar ya ja lokaci, domin famfon da ke hura iskar ba a yi shi don ya yi ta aiki ba hutawa ba, yana cike abin da ke zuba har ya ƙone, gyaran ƙafa ɗaya ya koma gyaran ƙafa da famfo, in an zo canza famfon kuma a canza rilensa tare, wato ɗan makunnin da ke ba shi wuta. Ranar da kuka tada ta ta ƙi miƙewa kar a ja ta a haka, taya za ta ci jikin mota in an karya sitiyari, a kira mai ɗaukar mota.