Amsa: Me ya sa Turawa ba sa gajiya da labarin halittun wata duniya masu kawo hari?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko finafinan nan shirme ne kawai ko akwai wani abu a ƙarƙashinsu. Na daɗe ina bin su, littafi da fim, kuma abin da nake fara dubawa shi ne ƙasar da aka yi labarin da shekarar da ya fito. Daga nan nake gane abin da ke hana mutanen barci.

Ɗauki littafin The War of the Worlds na marubucin Ingila H.G. Wells, 1898. Lokacin Birtaniya na kan ganiyar mulkin mallaka, sai Wells ya kawo halittu daga duniyar Mars da makaman da suka fi na Ingila nesa ba kusa ba, suka tarwatsa Landan. Tun a babin farko ya tuna wa masu karatu yadda Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya na Ostareliya kisan ƙare dangi, wato kada su yi saurin kukan zalunci. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A ganina tsoron da ke ƙasan yawancin labaran nan ke nan: kada wani ya zo ya yi mana abin da muka yi wa wasu. Kuma ba soja ne ya ceci Ingila ba, ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan.

A Amurka lokacin Yaƙin Cacar Baka tsoron ya sauya kama. A fim ɗin Invasion of the Body Snatchers na 1956 babu jirage masu ruwan wuta. Maƙwabcinka ne zai wayi gari da fuskarsa da muryarsa, amma ba shi ba ne, halittar wata duniya ce ta ɗauki siffarsa. Wasu sun ce kwaminisanci ake nufi, wasu sun ce farautar 'yan kwaminis ta zamanin Sanata McCarthy na Amurka. Ni na fi karkata ga na biyun.

Da darakta Spielberg ya sake yin fim ɗin labarin Wells a 2005, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, sai ga mutane lulluɓe da toka, ga hotunan waɗanda suka ɓace a bango, yarinya na tambaya ko 'yan ta'adda ne.

District 9 na 2009 ya juya abin: baƙin halittun wata duniya ne aka killace a sansani a Johannesburg, ana tuna wariyar launin fata. Sai dai fim ɗin da ke sukar ƙyamar baƙi shi ne ya nuna 'yan Najeriya a matsayin miyagu matsafa, har gwamnatin Najeriya ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi.