Insulin na nan a jiki, amma suga ya ƙi sauka: ina matsalar take?

Malama, kin ce likita ya shaida wa Baba cewa jikinsa na yin insulin, amma awon suga na safe kafin ya ci komai yana wuce 126 mg/dL, wato iyakar da ake gane ciwon suga da ita, kina tambaya ta yaya haka za ta yiwu. Allah ya ba shi lafiya.

Insulin ɗan aike ne, ba shi ke ƙona suga ba. Fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ita ke sako shi cikin jini idan an ci abinci. Ya isa ƙwayar halittar tsoka, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. Mai amsa sallamar wani furotin ne da ya ratsa bangon ƙwayar, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Da insulin ya manne masa, ƙafar sai ta ɗora wa kanta sinadarin fosfet, ta ɗora wa wani furotin mai suna IRS-1, shi ya tayar da wani furotin, PI3K, wannan ya tayar da wani kuma, Akt. A ƙarshe sai a kwaso ƙofofin suga, GLUT4, daga inda aka adana su a ciki a dasa su a bango. Sai a lokacin gulukos, wato sugan jini, ke shiga. Insulin kuwa ba ya daɗewa, cikin minti biyar zuwa shida rabinsa ya bar jini.

A ciwon suga nau'i na biyu, galibi sallamar na isowa, a cikin gida saƙon ke mutuwa. Kitsen da ya taru cikin ƙwayoyin tsoka da na hanta yakan tayar da wasu sinadarai da ke ɗora wa IRS-1 fosfet a gurbin da ba nasa ba, sai ya kasa miƙa saƙo gaba. Ƙofofi kaɗan ke fitowa. Hanta ma ba ta jin umarnin ta dakata, sai ta kwana tana zuba suga cikin jini, shi ya sa awon asuba ke hawa ko da Baba bai ci tuwon dare da yawa ba. Fankiriyas ta yi ta ƙara insulin shekara da shekaru har ta gaji.

Daga nan za ki gane magungunan. Metformin hanta yake tsawatar wa. Glibenclamide kuwa fankiriyas yake matsa wa ta sako insulin ko an ci ko ba a ci ba, don haka mai shan sa kada ya ɗauki azumi sai ya ga likita, suga na iya faɗuwa har ya suma. Abin da na fi so a kula da shi shi ne tafiyar ƙafa: tsokar da ke aiki tana fito da GLUT4 ta wata hanya dabam, ba ta jiran insulin. Tafiyar minti 15 bayan cin abinci tana nunawa a awo.

A kuma duba ko Baba na shan dexamethasone ko prednisolone don ciwon gaɓoɓi, waɗanda ake saya barkatai a kemis. Su ba sa tsayawa a zaure, bangon suke ratsawa su isa mai karɓarsu a ciki, su sa hanta ƙara suga. Idan ya daɗe a kansu kada a yanke farat ɗaya, likita ne zai rage a hankali.