Tambayoyinku: Suikoden ya farfaɗo, a saya ko a dakata?

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: tsofaffin wasannin labari na Japan, waɗanda 'yan gem ke kira JRPG, da kamfanoni suka fara tonowa bayan shekaru suna kwance. Suikoden ne ya fi jan tambayoyi, don haka da shi za mu fara.

Daga wani matashi a Kano: *Malam, an haife ni bayan fitowar Suikoden, ban taɓa buga shi ba. Ina da PS4, kuma kuɗin gem ɗaya na tara. In sayi Suikoden I & II HD Remaster, ko Eiyuden Chronicle, tunda an ce mutum ɗaya ne ya ƙirƙire su, kuma Eiyuden ne sabo?*

Ƙanena, sayi Suikoden. Eiyuden ya jira ranar da aka karya farashinsa.

Da gaske ne mutum ɗaya ne. Yoshitaka Murayama shi ya ƙirƙiro Suikoden a kamfanin Konami. Na farko ya fito a PlayStation a Japan a 1995, na biyu a ƙarshen 1998. Ya bar kamfanin a 2002, aka ci gaba ba da shi ba har zuwa Suikoden V a 2006. Bayan wasu ƙananan rassa biyu, na ƙarshensu a 2012, sai shiru. Da ya ga shirun ya yi yawa, Murayama ya haɗa kai da wasu tsofaffin abokan aikinsa, suka nemi gudummawar masoya a Kickstarter a 2020, suka tara kimanin dala miliyan 4.5. Da wannan aka yi Eiyuden Chronicle: Hundred Heroes, wanda ya fito a Afrilun 2024. Shi kansa bai ga fitowarsa ba, ya rasu a Fabrairun shekarar.

To me ya sa na ce tsohon? Saboda Suikoden II. Labari ne na abokai biyu da yarinyar da suka taso tare, yaƙi tsakanin masarautar Highland da ƙawancen biranen Jowston ya raba su, kowanne yana ganin hanyarsa ce za ta kawo ƙarshen zubar da jini. Babu wanda za ka iya ce wa mugu kai tsaye a cikinsu biyun. Mugun na gaske, Luca Blight, ba dodo ba ne, yarima ne ɗan Adam da ƙiyayya ta cinye, kuma har yau ana saka shi cikin mafi ban tsoro a wannan fanni. A gefe guda kuma kana yawo gari-gari kana tara mutum 108, adadin da aka aro daga wani tsohon labarin Sin. Ba duka ne mayaƙa ba. Akwai maƙeri, mai dafa abinci, mai gidan wanka, mai binciken sirri. Duk wanda ka jawo sai ya zo ya buɗe sana'arsa a fadarka, kana kallo kango ya zama gari. Eiyuden ya ɗauko wannan tsari kaf, kuma ya yi shi da kyau, amma labarinsa bai da wannan nauyi. An yi shi ne don waɗanda ke kewar Suikoden. Kai da ba ka ɗanɗani na asali ba, kewar me za ka yi?

Sai dai ka san abin da za ka saya. Wannan gyaran fuska ne, kamar tsohon gida da aka yi wa fenti aka ja masa wuta, ba a rushe an sake gini ba. An sake zana wurare, an gyara fassarar Turanci, an ƙara saurin faɗa, da wurin duba maganganun da suka wuce, da tafiya ta kusurwa. Amma babu muryoyi, karatu ne zalla. Kana cikin tafiya abokan gaba za su faɗo maka ba tare da ka hango su ba. Tsarin jakar kaya a na farko, inda kowane mutum ke riƙe da nasa 'yan kayan, yana nan da ɓacin ransa. In ka jure sa'o'i biyun farko, sauran zai ja ka da kansa.

Kada ka tsallake na farko. Gajere ne, wajen sa'o'i 20 zuwa 25, kuma in ka gama shi ka ɗauki ajiyarka zuwa na biyu, akwai abin da zai buɗe maka wanda ba zan faɗa ba. Na biyun yakan kai sa'o'i 40. A kan dala 49.99 da aka sa masa ranar fitowa, 6 ga Maris 2025, wasa biyu ne cikakku.

Daga wani magidanci a Kaduna: *Na buga Suikoden II a PS1 ina sakandare. A wani zaure na masoya ana cewa kowa ya sayi wannan HD Remaster ɗin, har ma sau biyu, kuma a zuba kuɗi a wasan waya na Suikoden Star Leap, don Konami ta ga akwai kasuwa ta yi Suikoden VI. Ina da niyyar yin hakan. Me ka gani?*

Yallaɓai, saya sau ɗaya in kana son sake bugawa. Kwafi na biyu kuma, ka bar kuɗinka a aljihu.

Na fahimci hujjar, kuma ba ta rasa tushe ba. Kamfanonin Japan sukan yi amfani da gyararren tsohon wasa su gwada ko sunan na da sauran rai. Square Enix ta yi haka da jerin Mana: ta sake fito da tsofaffi, ta sake gina Trials of Mana a 2020, sannan a 2024 ta kawo Visions of Mana, babban kashi na farko tun 2006. Amma kamfanin nan ne dai ya gyara Chrono Cross a 2022, kuma ba a ga sabon Chrono ya biyo baya ba. Babu wata yarjejeniya tsakaninka da su. Lissafinsu ya haɗa da ko akwai ma'aikatan da za su yi aikin, da nawa sabon wasa zai ci, da ko kuɗin zai fi riba a wani wurin. Konami na da eFootball da Yu-Gi-Oh! da ke kawo mata kuɗi kullum. Kwafinka na biyu ba zai motsa wannan ma'auni ba. Biyan kuɗi yau don wasan da ba a ma yi alkawarinsa ba cinikin biri a sama ne.

Batun Star Leap ya fi damuna. Konami ta sanar da shi a Maris 2025 a matsayin wasan waya na kyauta mai tsarin gaca, wato ka biya kuɗi a jefa maka ƙuri'a, ko ka samu jarumin da kake so ko ka tashi da tarkace. Wannan hanya ce da aka sha bi wajen "farfaɗo" da sunaye, kuma tarihinta bai da daɗi. Capcom ta fito da Breath of Fire 6 a waya da kwamfuta a Japan a 2016, ta rufe shi a 2017. Wild Arms ya dawo a waya a 2018, aka kashe shi a 2020. Irin waɗannan wasanni suna rayuwa ne a na'urorin kamfani. Ranar da aka kashe na'urar, duk abin da ka saya ya tafi, kuma babu babban kashin da ya biyo bayan ko ɗaya daga cikin biyun. Ba na cewa Star Leap zai yi muni. Buga shi kyauta, ka bi labarin in ya yi maka. Amma ga jerin da daɗinsa shi ne ka je ka lallashi mutum ya shigo tafiyarka, ka cika masa sharaɗinsa, ka dawo da shi gida, akwai abin takaici a ce yanzu katin banki ne zai yi lallashin.

In kana son taimakon jerin da gaske, ara wa ƙaninka ko ɗanka ya buga. Abin da sunan ya rasa tsawon shekarun nan sababbin 'yan wasa ne, tsofaffin masoya ba su taɓa barinsa ba.

Daga wata uwa a Damagaram: *Ɗana mai shekara 12 ya dame ni in saya masa. Faransanci yake karatu, ba Turanci ba. Zai iya? Kuma akwai abin da bai dace ba a ciki?*

Hajiya, akwai Faransanci a cikin harsunan wasan, don haka wannan ba matsala ba ce. Zai ma sha karatu, tunda komai a rubuce yake.

Game da dacewa, hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa shi a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama. Ga abin da ke ciki ki auna da kanki. Labarin yaƙi ne: ana ƙona ƙauyuka, mutanen da yaro ya shaƙu da su suna mutuwa, kuma a na biyu akwai wurin da Luca Blight ke wulaƙanta wata mata kafin ya kashe ta. Zanen ƙananan 'yan tsana ne, ba a nuna jini sosai, amma maganar na da zafi. Akwai sihiri irin na tatsuniya, akwai mashaya a garuruwa, kuma akwai wasan caca da ɗan lido, da kuɗin cikin wasa, ba na gaske ba. A na farko sai an ci wani mutum a wannan caca kafin labari ya ci gaba. In wannan ya saɓa wa tarbiyyar gidanki, gara ki sani tun yanzu. Abin da zan yaba shi ne, da zarar kin biya an gama. Ba ya buƙatar intanet wajen bugawa, ba ya neman ƙarin kuɗi, ba ya haɗa yaro da baƙi. Ni da zan zaɓa wa yaro tsakaninsa da wasan waya na kyauta mai gaca, wannan zan ɗauka, in kuma zauna kusa da shi a wasu wuraren.

Daga Jos: *Data na yi mini tsada. In sayi kati na Switch, shi ke nan ba sai na sauke komai ba?*

Duba kwalin da kyau. Katin Suikoden na Switch 2 da ya fito a Yunin 2025 irin katin nan ne da Nintendo ke kira Game-Key Card: babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke duka ta intanet a karon farko. Na Switch na asali shi ne kati na gaske, kuma Switch 2 na karɓar katunan tsohon. Eiyuden kuwa, na Switch ne aka fi kuka da shi lokacin fitowa, saboda jinkirin buɗe wurare. In kana da wata na'ura, can ka saye shi.

Ga masu PlayStation, tunda shagonsu na intanet ba shi da reshen Najeriya, katin saka kuɗi dole ya zama na ƙasar da ka buɗe asusunka da ita. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Tambayi mai sayarwa kafin ka tura kuɗi.

Daga wata ɗaliba a Zariya: *Na ga hotunan, tsufansu ya yi mini yawa. Akwai wanda aka sake ginawa gaba ɗaya?*

Akwai, kuma nan ne zaɓi ya fi sauƙi. Star Ocean: The Second Story R na 2023 ya ɗauko wasan 1998 ya sake shi da faɗa mai sauri, da muryoyi, da abokan gaba da kike gani kafin ki tunkare su. Romancing SaGa 2: Revenge of the Seven na 2024 an sake shi ne da zane na zamani daga wasan 1993, kina mulkin daula tsara bayan tsara, sarki ya mutu magaji ya gaji ƙwarewarsa. Ya fi wuya, amma shi ne ya fi ba ni mamaki a cikinsu. Dukansu biyu suna da ɗanɗano na kyauta a shagunan intanet, ki gwada kafin ki biya. In a kwamfuta kike, shagon Steam na mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ki buga fiye da sa'o'i 2 ba. Ki lura da agogo, don irin waɗannan wasanni sukan cinye sa'ar farko a gabatar da labari kafin a kai ga faɗan kirki.