Amsa: Allah ne ya taurare zuciyar Fir'auna, to ina laifinsa?

Ɗan'uwa, ka ce in Allah ne da kansa ya taurare zuciyar Fir'auna, me ya sa kuma ya hukunta shi. Ka koma Littafin Fitowa ka bi shi a hankali. Bayan kwaɗin annobar da Allah ya aiko wa Masar, da suka cika har tandar tuya, sun mutu, aka tara su tsibi-tsibi ƙasa duk ta ɗau wari, Fir'auna na ganin an samu sauƙi sai ya taurare zuciyarsa, shi da kansa fa, 8:15 ke nan, ya sake a 8:32. Sai a annoba ta 6, ta marurai, aka ce Ubangiji ya taurare ta, 9:12.

Orijin na Iskandariya, wani malamin Kirista na zamanin dā, ya kawo misalin rana, ita ce ke narkar da kakin zuma kuma ita ce ke busar da laka, wato aikin Allah ɗaya ne, irin zuciyar mutum ce ke sa ta yi laushi ko ta taurare.

Gaskiya mabiya Kalbin, malamin Furotestan da ya jaddada cewa Allah ne ke ƙaddara kome, za su nuna maka Fitowa 4:21 da Romawa 9:18, su ce tun kafin Musa ya isa Masar Allah ya riga ya faɗa zai taurare zuciyar Fir'auna. Ayoyin na da nauyi, ban musa ba. Amma ni dai na fi karkata ga cewa Allah ya sakar masa linzami ne a hanyar da ya riga ya zaɓa, irin yadda Bulus ya faɗa a Romawa 1:24.