Inabin Italiya: ja da fari

Ɗan'uwa ka tambaya wai inabin da ake giya da shi a Italiya shi ne wanda muke saya a kasuwa, kuma me ya raba ja da fari. Gaskiya na giya da na ci irinsu daban ne. Na giya ƙanana ne, ɓawonsu da kauri ga ƙwallaye a ciki, amma sun fi namu na ci zaƙi sosai.

A jajayen wanda aka fi nomawa shi ne Sangiovese, musamman a yankin Toskana, akwai kuma Nebbiolo a yankin Piyemonte can arewa, shi wannan baya nuna da wuri sai wajen Oktoba lokacin da hazo ke sauka kan tuddai, ana cewa ma daga kalmarsu ta hazo sunan ya fito. Farare kuwa akwai Trebbiano da Glera. Abin da ya ban mamaki shi ne launin nan a ɓawo yake, in ka matse jan inabi ruwan kusan fari zai fito, sai an bar shi jiƙe da ɓawon yake rinewa.

Kuma ba duka ke tafiya giya ba fa, a garin Modena da Trebbiano suke dafa wani ruwan tsami na sawa a abinci da ake kira balsamik.