Ciwon Glanzmann da maganin kashe zafi a lokacin tiyata

'Yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin tambaya ko morphine da fentanyl, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, za su ƙara masa zubar jini a tiyata, tunda an haife shi da ciwon Glanzmann, wanda ke hana jini daskarewa yadda ya kamata. A'a, ba sa hana jini daskarewa, shi ya sa likitocin sa barci suke amfani da su. Abin gudu shi ne aspirin, ibuprofen da diclofenac, don su kan ƙara zubar jini. Kuma ta jijiya za a ba shi magani, kada a yi masa allura a tsoka, wurin kan tara jini ya kumbura. Allurar gadon baya ta fi ba ni tsoro, don jini zai iya taruwa ya danne laka. Lallai likitan jini ya gan shi kafin ranar, a tanadi tranexamic acid, maganin rage zubar jini.